Kwana Takwas

Iƙama, katin asibiti, takardar ƙarin inshora ninke gida huɗu, gorar zamzam, rigar canji ko za su kwantar da ita. Abin da ke jakar Zubaidatu ke nan lokacin da motar ƙanenta Nawaf ta baro unguwar Utaibiyya. Hannunta yana ƙarƙashin abaya, a kan ƙullutun da ke nononta na hagu. Da ta fara jin sa bayan Hajji bai fi gyaɗa ba. Yanzu ya kai dabino.

A Makka aka haife ta, amma da iƙama, takardar zaman baƙi, take zaune, ba ta da magani kyauta. Inshorar kamfanin da take yi wa girkin alhazai ba ta zuwa da nisa, ita kuwa ta ga yadda ciwon daji ya cinye mahaifiyarsu. Shi ya sa ta sayi ƙari ranar ɗaya ga Ramadan. Sharaɗin ɗaya ne: ciwon da aka gano kafin wata shida, ba sa biya. Sai ta rufe bakinta, ta yi ta ƙirga wata. Yau ɗaya ga Rabi'ul Awwal.

"Yaya, wallahi ba ki kyauta ba," in ji Nawaf. "Sai jiya za ki faɗa mini? Da abayarki ce ta ɓace, da duk unguwa ta ji."

"Dubi hanya."

A asibitin, wata ma'aikaciya mai suna Shahad ta karɓi takardar. Ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, sannan ta bar Larabci ta koma Hausa, ta rage murya.

"Inna, watanninki ba su cika ba."

"Sun cika. Ramadan, Shawwal..." Zubaidatu ta fara lanƙwasa yatsu.

"Ba da watan Hijira suke lissafi ba, da miladi ne, watan Turawa. Ɗaya ga Maris kika sa hannu. Sai ɗaya ga Satumba. Saura kwana takwas."

Zubaidatu ta dafa teburin Shahad.

"Idan likita ya duba ni yau?"

"Zai rubuta kwanan watan yau." Shahad ta kawar da ido. "Amma Inna, in abin yana girma, ki shiga."

Aka kira sunan Zubaidatu daga ƙofar likita.

"Yalla, shiga," in ji Nawaf. "Zan sayar da motar."

"Ka ciyar da 'ya'yanka da me? Motar nan ko allura uku ba za ta saya ba."

"To in ya bazu fa?"

Aka sake kiran sunan. Ta karɓi takardarta, ta bi ta gaban masu jira, ta fita cikin rana, Nawaf na biye da ita yana rantsuwa da yare biyu. Ta buɗe motar. Ta zauna, ta ja ƙofa ta rufe.

"Ɗaya ga Satumba za mu dawo," ta ce. "Tayar da mota."