Hanyar Mata ta Gidan Dahala

Kwamfuta. Taswira a naɗe. Na'urar auna tazara da na aro a jami'a. Laima. Mayafin da na sayo wa Gwaggo Kaltume. Su ke kan cinyata lokacin da keken haya ya karya kwana zuwa unguwarmu, Gidan Dahala.

Na daɗe a Maleshiya ina karanta labarin ƙasa, fannin birane. Saura kundin digiri na biyu. Malamina ya amince da batun: wahalar da matan unguwarmu ke sha kafin su kai asibiti. Hoton tauraron ɗan'adam ya nuna lungunanmu a toshe, dole mace ta fita titi ta yi dogon zagaye. Na riga na rubuta rabin kundin a kan haka.

Washegari da hantsi Gwaggo, ƙanwar babana, ta gan ni da na'ura a hannu.

"Ina zuwa, Baturiya?"

"Asibiti, Gwaggo."

"Ba ki da lahiya?"

"Lafiyata lau. Nisan hanyar zan auna."

"To taho, ni ma za ni awon hawan jini."

Na nufi zaure. Ita ta nufi bayan madafa, sai na juya na bi ta. Bayan tulin itace akwai ƙyauren langa-langa, gajere, sai an sunkuya. Babu shi lokacin da na bar gida. Ta tura, sai ga mu a tsakar gidan maƙwabta.

"Salamu alaikum! Masu wucewa na!"

"A sauka lahiya!" in ji wata daga ɗaki, ba ta ko leƙo ba.

Gida na gaba na Maman Joy ne, malamar firamare. Ta miƙo mana zoɓo mai sanyi, ta tambayi ko na dawo da miji. A gidan Alhaji Maigandi, matarsa ta ɗora min jikanta a kafaɗa, a kai shi rigakafi tunda hanya ce. Ƙyaure na ƙarshe ya fitar da mu bayan katangar asibiti. Zoɓona ko rabi ban sha ba.

Rabin kundina ya mutu. Ban yi makokinsa ba, na samu wanda ya fi shi.

Da muka dawo na shimfiɗa taswira a tabarma, na fara ɗiga jan biro.

"Mi kike zanawa, Balkisu?" in ji Gwaggo.

"Ƙofofin. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan. Malamina zai yi rawa."

"Shi yi rawarshi. Wa ka karantawa bayan shi?"

"Kowa. A intanet ake sa shi."

"Har samarin unguwa?"

"Har su."

Ta ajiye faifanta. "Ran da sunka ga hanyag ga a takarda, za su roƙi yanke zuwa masallaci. Ran da namiji guda yab bi ta, Alhaji Maigandi na kiran magini. Sai mu koma titi da goyo."

"Alhaji bai san da ƙofar ba?"

"Shi yas saye langa-langar. Amma bai sani ba."

Na yi dariya har biro ya faɗi. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Da yamma na kira malamina. Ya ji labarin, ya yi murna. Da na tambaya ko zan iya barin taswirar, ya ce kundin labarin ƙasa ba taswira, miya ce ba gishiri. Wataƙila ma masu jarrabawa su dawo min da shi.

Na kashe wayar. Gwaggo na bakin madafa tana jira.

"Mi yac ce?"

"Ya ce sai da taswira."

"Ke kau?"

Ƙyauren na buɗe, kajin maƙwabta na shigowa. Na kore su, na ja shi, na sa sakata.

"Zan rubuta cewa akwai hanya," na ce. "Ba zan zana musu inda take ba."