Fassarar Bappayo

A shekarar 1968, kusan kowane mako sai kujera ɗaya ta zama wayam a ajin Malam Nuruddeen: wani ɗalibin ya bi motar ɗaukar soja daga Jimeta. Malam ya yi wa hedimasta magana, aka ce ya yi haƙuri. Ya yi wa iyaye, suka ce Allah ya tsare. Yanzu kuma Absalom, wanda ya fi kowa ƙwaƙwalwa a ajin, ya fara buga ƙafa kamar kurtu.

Sai Malam ya nemo wata waƙar Turanci, ta saurayin da ya tafi yaƙi yana fito, ya dawo ba ya iya kallon idon uwarsa saboda abin da hannunsa ya aikata. Ya ba Absalom ya karanta ranar rabon kyaututtuka, gaban iyaye da manyan Yola. In sun ƙi ji daga malami, sa ji daga ɗansu.

Absalom ya haddace ta tsaf, irin haddar makarantar nan, wadda baki ke ɗauka kai bai sani ba. Ran taro ya zuba ta da ƙarfi, ƙirji a buɗe. Manya suka gyaɗa kai, tunda Turanci ne.

Don a fassara wa jama'a, hedimasta ya yafito Bappayo, tsohon tafintan kotu, mutumin da shekara talatin bai kai wa babba magana mai ɗaci ba.

"Ranku ya daɗe," in ji Bappayo, "Bature ya ce yaro ya tafi soja da rawar kai, ya dawo da kunya. Ko idon Dadarsa da ta haife shi ba ya iya kallo!"

Wuri ya ɗauki tafi.

"Ashe soja na koyar da ladabi?" in ji wani dattijo daga unguwar Makama. "Nawa ɗan har ido yake zuba mini!"

Malam ya miƙe. "Baffa, ba wannan kunyar ba ce! Mutum ya kashe..."

Hedimasta ya ja masa riga. "Zauna, Malam. Ana tafi."

Da aka watse, Eli, uban Absalom, ya ratso mutane ya kama hannun Malam da hannu biyu.

"Wata uku ina hana shi tafiya," ya ce. "Amma tunda malaminsa da kansa ya zaɓa masa wannan waƙa, ni wane ne? Gobe zan raka shi."