Preben Mai Ɗaukar Mutum Shida

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnenmu na nan.

A wani kamfanin sayar da famfo a birnin Odense akwai wani bawan Allah, Preben. Shekara uku yana aiki, ko sau ɗaya bai ɗanɗana kek ɗin ofis ba. Kun dai san yadda ake yi: mai murnar ranar haihuwa ya kawo kek, ya aika imel ga rukunin "Kowa", a ruga kicin. Shi Preben, saƙon ba ya zuwa masa. Sai dai ya ga mutane suna dawowa suna kakkaɓe kwakwar kek daga gemu.

Abin ya ishe shi, ya je wurin Gitte mai kula da imel ɗin kamfanin. Ta duba, ta gyara tabarau.

"Wanda ya shigar da kai a na'ura bai sa ka cikin mutane ba," in ji ta. "Ɗakin taro ne kai. Ga ka a rukunin ɗakuna, tsakanin na biyu da na huɗu. Mutum shida kake ɗauka."

"To ki gyara mana!"

"Sai ka aiko da buƙata ta imel. Ita kuwa na'ura ba ta karɓar buƙatar ɗaki."

Ana nan, rufin ɗaki na biyu ya fara yoyo. Ran Talata sai ga Ulrik, shugaban masu talla, da mutum biyar, kowa da kujerarsa.

"Matsa, mutumina. Mun kama ka daga goma zuwa sha ɗaya."

"Ni?"

"Kai kaɗai ne ɗakin da ba kowa a ciki. Kana da allo?"

Preben mutum ne mai kunya, ya matsa. Suka kewaye shi suka yi taronsu, har da kek. Da suka tashi suka bar ragowar a teburinsa, don a ɗakin taro ake barin ragowa. Ya ci yanka uku, har da 'yar ƙwalla.

Kafin wata ya ƙare, sai an yi rububinsa. Suka ce ya fi na huɗu ɗumi, ga shi yana tuna abin da aka yanke.

Ran nan Gitte ta zo da murna. "Na samo hanya! Yau zan mai da kai mutum."

Preben ya dubi farantin gabansa. "Mutum yanka nawa yake samu?"

"Ɗaya. In ya yi sauri."

"Rufa min asiri, Gitte. Fita, an kama ni ƙarfe biyu."

Gitte ta koma kujerarta. Ulrik ya samu ƙarin girma. Ɗaki na biyu aka mai da shi sito. Preben kuwa ya yi ƙiba, aka gyara bayaninsa, yanzu mutum takwas yake ɗauka.