Tsagar da Ke Ƙarƙashin Kafet

Wanda ya yi wa gidana kuɗi bai taɓa taka ƙofata ba. Yana zaune a ofishin kimanta gidaje na gunduma, ya ga wasu baƙi sun sayi gidan kusurwa sun shafe shi da fenti ruwan toka, sai ya rubuta cewa nawa ma ya tashi daga dala dubu ɗari da tamanin zuwa dubu ɗari biyu da sittin. Harajin gida kuwa wannan lambar yake bi. Shekara biyar ke nan ana ƙara mini. Gidaje uku a layinmu masu su sun sayar sun tafi, ba don suna so ba. Ni gwiwoyina sun ƙare, aikin siminti sai kwana uku a mako. In aka ci gaba haka, mu ne na huɗu.

Ni na gina gidan nan. Shekara talatin ina zuba daɓen siminti a kudancin Texas, kuma duk wanda ya san Evaristo Villarreal ya san maganata: daɓena ba ya tsagewa. Na faɗa a wurin aiki, na faɗa a shagon tako, wato wainar masara da nama, inda muke shan kofi da safe, har a jikin motata na rubuta.

Matata Ofelia ta bar ni na gama zagin takardar harajin da suka aiko, sannan ta ce, "Tsoho, zagi ba ya rage haraji. Ta intanet ake shigar da ƙorafi, kuma tsakiyar Mayu za su rufe."

Ta buɗe kwamfuta a teburin kicin, don ni da abin ba ma shiri. Akwai gurbin dalili, akwai gurbin hotuna. Na ce ta rubuta cewa ɓarayi ne. Ta ƙi. Na ce to ta rubuta cewa da hannuna na gina, ba wanda ya ba ni ko bulo ɗaya. Wannan ta rubuta. Na yanke ciyawa, na wanke baranda, na ɗauki hoton rufi da katanga da sabbin tagogi. Su ga ba malalaci suke tatsa ba.

Bayan kwana tara amsa ta zo, ba sunan mutum a ƙasanta. Ba su rage ko dala ɗaya ba. Wai in ina da wata hujja in ɗora kafin mako biyu.

Ran Lahadi ƙanin Ofelia, Cleto, ya zo cin abinci. Sana'arsa ɗaga gidajen da harsashinsu ya zauna, kuma shekara ashirin ina ce masa da kuskuren wasu yake cin abinci. Ya ga hotunan, ya yi dariya har wake ya sarƙe shi.

"Mijin Yaya, ƙorafi ka kai ko talla? Ka gode Allah ba su ƙara maka ba."

"To me suke so?"

"Ruɓa suke so. Yoyo, gara, tsaga. Ni kowace shekara sai na ɗauki hoton rufina kafin in toshe shi." Ya lashe yatsa. "Amma kai ai daɓenka ba ya tsagewa. Sai ka biya."

Ka ji tsari. Wanda ya bar gidansa ya lalace a rage masa, wanda ya tashi da asuba ya gyara a ci shi tara. Kwana uku ina zagaye gidan da waya a hannu ina neman aibi kamar mai neman kwarkwata. Famfo ɗaya mai ɗiga na samu. Har guduma na ɗauka na tsaya gaban katangar baya, na kasa fasa ta.

Ni kuwa na san inda aibin yake. Lokacin da na zuba daɓen gidan nan Ofelia tana da tsohon ciki, mai gidan haya ya ba mu wa'adi. Ban jira cikon ƙasa ya zauna ba. Shekara biyu bayan nan aka yi fari, yumɓun ƙasa ya ja jiki, daɓen ɗakin baya ya tsage daga bango zuwa bango. Ranar da ta je gaida mahaifiyarta na shimfiɗa kafet, na ɗora kabad a kai. Shekara ashirin da biyu ban faɗa wa kowa ba.

Ran Alhamis na ture kabad ɗin, na yage kafet. Tsagar ta ƙara faɗi, yatsana biyu suna shiga. Ina durƙushe Ofelia ta shigo. Ta karɓi wayar daga hannuna.

"Matsa, kana tare haske."

"Kin sani?"

"Tun 'yarmu Nayeli tana shekara biyu ƙofar nan sai da kafaɗa take rufuwa. Wa yake share ɗakin, kai?"

"Kina ji ina faɗa wa mutane..."

"Ina ji. Sa tef ɗin awo a ciki, su ga faɗinta."

Hoto kaɗai bai isa ba. Shafin ya ce sai da takardar kuɗin gyara daga wani kamfani, ba daga mai gidan ba. Na kira kamfani uku, duk suka ce sai wata mai zuwa. Ofelia ta miƙo mini wayar da lambar Cleto a kai. Na yi awa guda ban taɓa ta ba. Sai na tuna gidan kusurwa da fentinsa ruwan toka, na kira.

Ya zo bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya ɗauki lemo daga kwandon kicin, ya ajiye a kan simintin. Lemon ya gangara a hankali, ya ƙara gudu, ya bugi bango.

"Wa ya zuba maka wannan, mijin Yaya? Ka ba ni sunansa in kai shi ƙara."

"Rubuta takardarka ka fita."

Ya rubuta dala dubu talatin da takwas. A bakin ƙofa ya ce ba wanda zai ji. Na san bakin Cleto kamar yadda na san siminti.

Muka ɗora hotuna shida da takardar. Bayan mako guda suka sauko zuwa dubu ɗari biyu da biyar. Ba wanda ya zo ya duba. Aikin kirki na shekara talatin bai motsa su ba, kuskuren yini ɗaya ya motsa su. Ofelia ta juyo mini kwamfutar ta ce, "Kai za ka danna amincewa." Na danna. Bana dai muna gidanmu.

Washegari a shagon tako ban gama zama ba wani lemo ya gangaro a kan tebur ya tsaya jikin kofina. Mutum biyar, kowa yana kallon silin. Na ɓare shi na shanye, na bar musu ɓawon.

Na dawo gida na ce tunda kowa ya sani, sai in gyara abina. Na san yadda ake yi, na fi Cleto sani. Na fito da buhun siminti da cokalin gini, na tarar da Ofelia tsaye a ƙofar ɗakin.

"Ina za ka da wannan?"

"Gyara."

"Baɗi kuma hoton me za mu tura musu?"

Na juya da buhu a kafaɗa. Na mayar da shi gareji. Daga nan na ɗauki fenti na shafe rubutun jikin motata. Kafet ɗin ban mayar ba. Kullum da safe sai na tsallake tsagar kafin in buɗe taga.