Saje Barau Ya Dawo Daga Saliyo

Ana tsakiyar damina Saje Barau ya dawo gidansa a Limawa daga yaƙin Saliyo, yana ɗingisa ƙafar hagu. Labarinsa ya riga shi isowa Dutse. A wata gada 'yan tawaye suka yi musu kwanton ɓauna, suka harbe laftanan ɗinsu, ƙananan sojoji suka fara watsewa. Barau ya miƙe tsaye ana ruwan harsashi, ya dinga kiran kowa da sunansa har suka dawo suka riƙe gadar. Da wuta ta lafa, ya goya wani ƙaramin soja da aka harba a ciki, Sagiru, ɗan wani ƙauye kusa da Ringim, ya kai shi sansani. Saboda haka aka yi fareti a bariki, aka maƙala masa lambar yabo.

Mutane suka yi ta zuwa sannu da zuwa, kowa yana son ya ji daga bakinsa, ya kuma taɓa lambar. Da fari yana daurewa. Daga baya ya roƙi matarsa Mahbuba ta riƙa cewa ya kwanta. Babu wanda ya tambayi abin da ya sami Sagiru, wanda ya cika yana goye a bayansa tun kafin su isa sansanin.

Da ƙafar ta yi dama, ya shiga motar Ringim, ya ƙarasa ƙauyen a kan acaɓa. Ya tarar da mahaifin Sagiru, Malam Ashafa, a gonar gero. Tsohon ya ajiye fartanya suka zauna a gindin gawo. Bayan ta'aziyya Barau ya soma ba shi labarin gadar, sai tsohon ya ɗaga hannu.

"Ɗana, an yi masa salla?"

"An yi, Baba. Ni na yi masa wanka, ni na ja sallar."

"Ya samu kalmar shahada?"

"Da ita ya cika."

Malam Ashafa ya yi hamdala. Barau ya zaro lambar ya ce a ajiye ta a gidan, amma tsohon ya mayar masa, ya ce tasa ce, su ba su san abin da za su yi da ita ba. Ya sa aka kawo fura, suka sha, ya rako shi har bakin hanya.

Da hutunsa ya ƙare Barau ya nemi ritaya, aka ja shi har shekara ta zagayo kafin a sallame shi. Lokacin da aka fara shari'ar Musulunci a jihar, dattawan unguwa suka zo zaurensa suna so ya shugabanci 'yan hisba, tunda ya iya riƙe maza. Ya yi musu godiya, ya ce a nemi mai sauran ƙarfi.

"Na gaji da ba mutane umarni," in ji shi.

Tumaki ya saya, yana kiwonsu a bayan gida, da yamma ya kora su gindin duwatsu.