Turame Biyu a Kan Bene

Mahamud kafinta ne a Buza, amma ƙofofi da bencin lakkol, wato makarantar boko, ba su taɓa shiga ransa ba. Sauti ne ya ci masa rai. Tun da ya bar karatu yake haɗa lasifika yana kwancewa, har ya gane cewa katakon kanti surutu gare shi: ka sa masa kiɗa, sai ya ƙara nasa gunjin a kai. Itacen da ke yin shiru shi ne kirya, kuma babu kiryar da ta kai ta tsofaffin turame bushewa.

Sai da ya kai Allakaye kafin ya sami turame biyu masu girma ɗaya. Ya kankare su, ya cusa musu gashin tumaki a ciki, ya goge bayansu da mai har suna ɗaukar ido. A bakin kowanne ya dasa faifai, abin nan mai rawa da ke fitar da murya. Faifan biyu a Konni ya tsinto su cikin kayan gwanjo, tsohuwar ƙira ce da aka daina yi. Biyu ne, ba na uku.

Idan ya rufe ɗaki ya sa kiɗan molo a hankali, har gogar yatsa a kan tsirkiya ana ji, har numfashin mawaƙi kafin ya buɗe baki. Ba wanda ya damu a Buza. Matarsa Zalika ta gaji da kallonsa zaune tsakanin turame kamar mai zaman makoki. Ya yi mata alkawari: in waɗannan ba su sami gidan da za a saurare su ba, ya bar sana'ar.

Sai hotonsu ya faɗa wayar Alhaji Bello, dillalin albasa mai shagon kayan wuta a Madawa, wanda ya gama sabon bene. Ya aiko da mota ta ɗauko Mahamud da turamen.

Mahamud ya shiga falon. Ɗaki ne mai faɗi, da darduma mai kauri da labule har ƙasa. Ya fara auna inda zai ajiye kowane turmi.

"Kai, samari, mi kake yi nan?" in ji Alhaji. Dattijo ne mai fara'a, hularsa a ƙeya.

"Nan za mu gwada, Alhaji. Ku zamna tsakiya, a ruhe ƙohwa."

Alhaji ya dubi abokansa, aka kwashe da dariya.

"A ruhe ƙohwa? Mun yi sata ne? Mato, ku ɗauka, a hau sama."

Mahamud ya san abin da ake nufi. Haka ake gwada lasifika a ƙasar nan, ta masallaci ce ko ta biki: a ɗora ta wuri mai tsayi, mutum ya hau moto, wato babur, ya yi ta tafiya, inda ya daina ji nan ne darajarta. Shi kansa ya sha yi wa mutane hakan. Bai taɓa kawowa za a yi wa nasa ba.

"Alhaji, wagga ba ta nisa ba ce. Ta kusa ce, ta mutum ɗaya cikin ɗakinai."

"Wadda ta kai nesa ai ta kai kusa, ɗana. Ta Hamidu maƙwabcina, 'yar roba ce hwa, har tashar albasa ake jin ta. Taka ta itace ce, ai sai ta wuce."

Da ya ƙara magana, da ya zama yana musu da sa'an ubansa a gaban baƙi. Ya matsa gefe. Mato, direban Alhaji, ya rungumi turmi ɗaya yana nishi.

"Aradu wanga sai a daka hura ciki tukun, kada nauyin ya tahi banza."

A kan benen rana ta take. Aka juya bakin turamen wajen gudiro, titin kwalta. Mahamud ya haɗa wayoyi da injin ƙara sauti da hannunsa. Mato ya sauka, ya tayar da moto. Alhaji ya kira shi, ya buɗe muryar wayarsa don kowa ya ji.

Molo ya fara. A fili, ba bango ba rufi, sautin ya zama ɗan siriri, iska na kwasarsa.

"Mato, kana ji?"

"Ina ji, Alhaji. Amma ko ƙohwar gida ban bari ba."

Aka yi dariya. Moto ya yi gaba.

"Yanzu hwa?"

"Kamar sauro. Na kawo wurin mai hwacin taya."

"Ƙara mata, samari."

Mahamud ya murɗa kaɗan. Faifan biyu suka fara rawa fiye da yadda ya taɓa barinsu.

"Alhaji, nan ne iyakarta."

"Haba! Ko masallacin Juma'a ba mu kai ba." Wani abokin Alhaji, mai ƙaton zobe, ya miƙo hannu. "Tsoro yake ji, kawo ka gani."

Mahamud ya ga hannun yana zuwa. Yana iya riƙe shi. Amma mutumin ya isa ya haife shi, ga farin gemu. Ya tsaya yana kallo, aka murɗa har ƙarshe.

Molon ya koma kuka, kukan ya koma karce. Na hagu ya yi tari ya mutu. Na dama ya ɗan jure, sannan wani siririn hayaƙi ya fito ta gefensa, da warin ƙonannen waya. Daga wayar Alhaji muryar Mato ta fito garau.

"Kun kashe ne? In komo?"

Mahamud ya durƙusa ya taɓa faifan na dama da yatsa. Ya ƙage, ba ya motsi. Ɗayan ma haka.

Alhaji bai yi fushi ba, tausayi ma ya ji. Ya dafa kafaɗarsa.

"Kada ka damu, ɗana. Gara da anka gwada, an cuce ka ne a Konni. Amma aikin itacen ga, wallahi ban taɓa ganin irinai ba. Ina son su. Akwai wasu manya a shagona, sababbi, masu wuta ja da kore. Ka cire waɗanga matattun ka sa min su. Mu ga ƙaryar Hamidu."

Abokan suka ce madalla, Alhaji ya yi masa gata.

Aka hauro da ɗaya daga shago. Faifai ne na roba, marar nauyi, ya fi bakin turmin faɗi. Mahamud ya kifa shi a kai ya duba. Kafin ya zauna sai an sassaƙe leɓen turmin kewaye, kusan kaurin yatsa uku, kuma kirya in an sassaƙe ta ba ta komawa.

Ya daɗe a durƙushe, rana na dukan ƙeyarsa. Ƙasa, moton Mato ya shigo gida.

"To, yaushe za a gama?" in ji Alhaji.

Mahamud ya zaro fensir daga bayan kunnensa, ya fara zana layin da zai bi da kurfin sassaƙa.

"Ranar kasuwa, Alhaji," ya ce.