Taron Minti Arba'in

Makarantar Asabar ɗin ba ta da gini nata. Ɗaki ɗaya ne a Montreuil wanda ofishin unguwa ke ara wa ƙungiyar iyaye daga tara zuwa sha biyu, sai wani irinsa a Lyon. A na Montreuil ne Naomi ke koyar da yara goma sha ɗaya karatu da rubutun Hausa. 'Yar Kafanchan ce, ma'aikaciyar jinya a sauran ranakun mako, kuma ita ce ƙarama a kwamitin makarantar. A wannan kwamiti ana magana ne bisa shekaru, daga babba zuwa ƙarami. Babu inda aka rubuta hakan, shi ya sa ba wanda ya taɓa neman a gyara.

Mika'il, wani injiniya a Lyon, shi ya kawo shawarar. Ya ce a haɗa rassan biyu, malami ɗaya ya riƙa koyarwa daga Lyon ta bidiyo, kowane yaro ya zauna gida da tabulet ɗinsa. Ya sa wa abin suna da Faransanci, *vision partagée*, wato hangen da kowa ya yi tarayya a cikinsa, ko da yake har lokacin shi kaɗai ya hanga. Ofishin unguwa kuwa na jiran amsa ranar Litinin: ƙungiyar na son ɗakin baɗi ko ba ta so? Ƙungiyoyi shida ke layi a kansa. Wanda ya saki, ya saki ke nan.

Naomi ta rubuta abin da za ta faɗa a takarda, layi bakwai. Huɗu daga cikin ɗalibanta a ɗakunan otal suke kwana da iyayensu, inda wayar uwa ita ce intanet ɗin gidan duka. Biyu ba sa buɗe baki sai sun ga wani yaro ya fara. Ta gwada karanta takardar a cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta ga minti biyu ya ishe ta.

Ranar Asabar da la'asar mutanen Montreuil biyar suka matsu gaban kwamfutar Alasan, sakataren ƙungiya. Mutanen Lyon shida suka bayyana a allo, a falon shugaba, Alhaji Illiassou, mutumin Damagaram.

"Alhaji, kafin mu fara," in ji Alasan, "wannan layin na kyauta ne. Minti arba'in yake yi ya yanke."

"Arba'in? Ai da yawa ne. Malam Maazou, ina wuni?"

Malam Maazou shi ne babba a Montreuil. Ya gyara zama ya ce lafiya lau. Aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi sanyi, aka tambayi ƙafar da ke damunsa. Murya na makara a hanya tsakanin biranen biyu, sai "lafiya lau" ta wannan ta ci karo da "ina gida" ta wancan, kowa ya yi shiru yana jiran ɗan'uwansa, sannan su sake farawa tare. Da Alhaji ya gama da Malam Maazou ya koma kan na biyu. Da ya gama da su biyar, sai mataimakinsa ya ɗauka daga farko, don ba zai yiwu a ce shugaba ya gaida mutane shi yana zaune kamar baƙo ba.

Naomi na kallon agogon da ke kusurwar allo. Minti goma sha huɗu.

Sai wani ya tuna kawun Alasan ya rasu a Tahoua. An riga an yi masa ta'aziyya a waya, amma ba a yi masa ido da ido ba, kuma aka yanke hukunci nan take cewa allo ido ne. Kowa ya yi tasa. Aka yi addu'a. Naomi ta sunkuyar da kai tare da su, tana jin kunyar kanta da take ƙirga daƙiƙa a kan mamaci.

A minti na ashirin da shida Mika'il ya samu fili. Ya nuna hotuna: wasu yara fes-fes suna murmushi gaban tabulet, a wani falo mai faɗi da ba a taɓa soya albasa a cikinsa ba.

"*Voilà*. Babu sauran tashi da sassafe, babu metro. Yaro na cikin bargonsa yana koyon Hausa."

"Har da bargo?" in ji Malam Maazou. "To ni ma a sa sunana."

Aka yi dariya, dariyar ta je Lyon ta dawo, ta ci rabin minti. Alhaji ya fara bin mutane. Malam Maazou ya ce zamani ne, wa zai ja da zamani. Na biyu ya ce abin da Malam ya faɗa shi ne. Hajiya Shamsiya ta Lyon ta ce ita dai in za a hana su wasannin nan na waya, ba ta da ja. Wani jan rubutu ya fito a saman allo: saura minti biyu.

"Sai ƙanwarmu," in ji Alhaji. "Madam Naomi, bismilla."

Takardar na hannunta, layin farko na bakinta. Amma fuskar dattijo ce ta cika allon, da furfura da hula, yana jiranta, kuma ba a haife ta a gidan da ake faɗa wa babba "ban yarda ba" kafin a tambayi lafiyarsa ba.

"Ranka ya daɗe, ina wuni?"

"Lafiya lau, 'yata. Ina aiki?"

"Da godiya. Ya su Hajiya?"

"Suna lafiya. Ya marasa lafiyarku? Allah ya ba ku lada, aikin nan naku ba ƙarami ba ne."

"Amin, na gode. Alhaji, dama game da yaran nan..."

Allon ya yi fari.

Alasan ya ce ba komai, zai buɗe sabon layi. Ya buɗe, ya aika. Suka zauna suna kallon fuskokinsu su biyar. Bayan minti goma saƙon murya ya shigo wayar kowa. Alhaji ne, ana jin ƙarar kwanuka a bayansa.

"Alhamdu lillahi, taro ya yi kyau. Mun ji bakin kowa, har Madam Naomi ta yi magana. Tunda ba wanda ya ja, Alasan, ka rubuta an amince baki ɗaya."

"Ai ban faɗi komai ba," in ji Naomi.

Malam Maazou na sa takalmi. "Kin faɗa mana, mun ji ki. Da ladabi ma."

"Baba, gaisuwa kawai na yi."

"To laifin wa?"

Ta juya ga Alasan. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi sakatare ne, abin da shugaba ya ce shi yake rubutawa. In tana da magana, ta kira Alhaji da kanta.

Ta kira ranar Lahadi. Wannan karon ta taƙaita gaisuwar, har ta ji muryarsa ta ɗan yi sanyi. Ta karanta masa layi bakwai ɗin. Ya saurara har ƙarshe, ya ce wallahi magana ce mai hankali.

"Amma me ya hana ki faɗa a taro? Yanzu in na canza, sai a ce Alhaji da yarinya sun zauna a waya sun rushe abin da jama'a suka yanke. Bari mu gwada shekara ɗaya."

"Ɗakin ba zai jira shekara ɗaya ba, ranka ya daɗe."

"Allah ya ba mu wanda ya fi shi."

Ranar Litinin Alasan ya kai wa ofishin unguwa takardar sakin ɗakin. A watan Satumba aka fara karatu ta bidiyo, aka ba Naomi muƙamin mataimakiya, aikinta ta rufe makirfon yaron da ya cika surutu. Asabar ta farko, daga cikin goma sha ɗayanta uku suka shigo. Ɗaya ya kashe kyamara, ɗaya silin ɗakinsu kawai ake gani.

Tara da kwata wayarta ta yi ƙara. Fatou ce, uwar Nour da 'yar'uwarta, 'yan mata biyu daga cikin na otal.

"Madam, ga mu bakin ƙofa. Wasu Turawa ne ciki da tabarmi, suna ta miƙe ƙafafu. An canza ɗaki ne?"

"An sanar a waya, Maman Nour. Yanzu a gida ake yi, da tabulet."

"Wace tabulet?"

Naomi ta dubi kwamfutarta. A allo malamin Lyon na cewa a maimaita bayansa, ba wanda ke maimaitawa.

"Madam? Kina ji na? Mu jira ki ne, ko mu koma?"

"Ku koma," in ji Naomi.